Babi na Biyar: Jirgin da Ya Cinye Iyayen Gidansa

A watan Nuwamba na 1868 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan birnin New York mai suna Richard Haines ya yi wani ciniki da a ganinsa gaba ta kai shi. Ya sayi jirgin dakon kaya, irin mai tafiya da iska, mai tsawon ƙafa 99, a kan dala 1,750 kacal. Jirgin bai kai shekara takwas da ƙerawa ba. Dalilin da ya sa aka karyar da shi haka kuwa ba a ɓoye yake ba. A watan Oktoba na shekarar da ta gabata guguwa ta ɗauke shi ta maka a gaɓar tsibirin Cape Breton da ke Kanada, masu shi suka duba ɓarnar da ya yi, suka haƙura da shi. Kafin mushen ya iso hannun Haines ya ratsa hannun mutum biyu, kuma na farkonsu, Alexander McBean na garin Glace Bay, ko wata guda bai cika da shi ba ya rabu da shi.

Haines ya shiga gyara. Kafin jirgin ya iya komawa ruwa ya lashe masa dala 8,825, wato ninki biyar na kuɗin saye har da ɗoriya. Ya naɗa kansa kyaftin, ya yi masa rajista a New York a watan Disamba, ya cire masa tsohon sunansa na Amazon ya raɗa masa sabo: Mary Celeste. Wata goma bayan haka, a Oktoban 1869, masu bin Haines bashi suka ƙwace jirgin suka sayar.

Duk wanda ya taɓa jin wannan suna ya ji shi ne a labarin jirgin da aka tsinta yana yawo a tsakiyar teku babu kowa a ciki. Za mu zo wurin. Amma wancan al'amari na kwana goma ne a cikin rayuwar jirgin da ya yi shekara ashirin da uku yana aiki, kuma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littafin lissafin waɗanda suka sa kuɗinsu a cikinsa. Mutane sun ce jirgin ƙashin tsiya gare shi. In aka bi asarar ɗaya bayan ɗaya, kusan kowacce tana da sanadi a fili, sai dai sanadin ba shi da daɗin bayarwa a hira.

An ƙera shi a wani ƙauye mai suna Spencer's Island a yankin Nova Scotia, a wurin wani maƙerin jirage, Joshua Dewis, da katakon da aka saro a dazukan wajen. An tura shi ruwa ranar 18 ga Mayu, 1861. Mutum tara suka haɗa kuɗi suka mallake shi, cikinsu har da kyaftin ɗinsa na farko, Robert McLellan. Tafiyar farko ta kai katako Landan ce. McLellan ya tsaya aka yi lodi, ciwo ya kama shi, aka juyo da jirgin gida, ya rasu ranar 19 ga Yuni. Wanda ya gaje shi, John Nutting Parker, ya kama hanya, ya afka wa kayan kamun kifi a mashigin Eastport na jihar Maine. Da ya sauke kaya a Landan ya fito, a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa ya yi karo da wani jirgi har ya nutsar da shi.

Tafiya ɗaya, mutuwa ɗaya, karo biyu. Masu neman hujjar la'ana a nan suke kafa tuta. Abin da suke tsallakewa shi ne shekarun da suka biyo baya. Daga 1863 zuwa 1867 jirgin yana hannun wani kyaftin, William Thompson, yana zirga-zirga tsakanin tsibiran Karibiyan da Ingila da Bahar Rum, yana kai kaya yana ɗauko kaya, ba a ji wani abu ya same shi ba. Shekarun zaman lafiya ba sa shiga tatsuniya.

Abin da ya karya Haines kuwa duk mai sana'ar ruwa a zamaninsa zai iya faɗa masa tun bai biya ba. Jirgin katako yana fara lalacewa tun ranar da ya taɓa ruwa. Tsakanin allo da allo ana cusa zaren tsohuwar igiya ne a bi da kwalta, kuma kullum igiyar ruwa na lanƙwasa jirgin, cushen yana sakewa, sai an sake bi. Ruwan sama da ke kwanciya a lunguna ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, kuma ruɓar daga ciki take farowa, inda ido ba ya kaiwa. A ruwa mai ɗumi irin na Karibiyan akwai wata halitta mai kama da tsutsa da ke huda katako ta yi gida a ciki, har allo ya zama fanko alhali fuskarsa sumul. Maganinta shi ne a lulluɓe ƙasan jirgin da fallayen jan ƙarfe, shi ma kuɗi ne. Igiyoyi suna tsinkewa, tamfol ɗin da ke kama iska yana yagewa. A wancan zamanin, har hukumar Lloyd's Register ta Landan, mai tantance lafiyar jirage domin 'yan inshora, ba ta ba jirgi shaidar daraja ta ɗaya sai na wasu ƙididdigaggun shekaru gwargwadon katakonsa: na itacen oak na Ingila kan samu shekara 12, na katako mai laushi irin na Arewacin Amurka kuwa bai kusanci haka ba.

Wannan duk a jirgin da bai taɓa yin hatsari ba ke nan. Wanda teku ta buga da ƙasa, matsalarsa daban ce. Haƙarƙarinsa ya motsa, ƙusoshi sun saki, ƙashin bayan da komai ya dogara a kansa wataƙila ya karkace, kuma babu mai sanin iyakar ɓarnar sai an ɓamɓare allunan waje. Wanda ya taɓa sayen motar da ta yi hatsari aka buga mata fenti ya san yadda abin yake: bakanike ya kwance nan ya ce sai an canza can, a canza can a tarar shasi ya lanƙwashe, mutum ya riga ya zuba abin da ba zai iya juyawa ya bari ba, sai ya ciwo bashi ya ƙara. Bambancin kawai, shi jirgi ko yana tsaye ci yake yi. Kuɗin tashar da ya kwana yana hawa, kuɗin ruwan bashi yana hawa, ga shi ba ya kawo ko sisi sai yana tafiya. Mutumin da ya fara sana'a da nauyin dala dubu goma da ɗoriya a kan ƙaramin jirgi guda, tafiya ɗaya da ba ta yi riba ba ta isa ta kai shi ƙasa. Araha ba ta ado.

Waɗanda suka saya daga hannun masu bin bashin wasu 'yan kasuwar New York ne ƙarƙashin James Winchester. Su ma ba su tsira daga aljihu ba. A farkon 1872 suka kashe dala 10,000 suka yi masa gyaran gaske: aka ƙara masa tsawo zuwa ƙafa 103, aka yi masa bene na biyu, aka canza katakai da yawa, girmansa a rajista ya tashi daga tan 198 zuwa 282. Cikin shekara huɗu ke nan an zuba kusan dala 19,000 a gyaran abin da aka saya ƙasa da dubu biyu. Aka raba mallakarsa kashi goma sha biyu. Winchester ya riƙe shida, wasu mutum biyu suka ɗauki ɗai-ɗai, sauran huɗun sabon kyaftin ya saya da abin da ya tara a rayuwarsa.

Sunansa Benjamin Briggs, ɗan jihar Massachusetts, ɗan gidan matuƙa, mutum mai riƙo da addininsa. Shi da ƙanensa Oliver sun taɓa shawarar barin teku su buɗe shagon kayan gini, ba su yi ba. Kowannensu ya sa jarinsa a jirgi. Ranar 7 ga Nuwamba, 1872 Briggs ya fita daga New York zuwa Genoa ta Italiya da ganga 1,701 na barasar masana'antu. Ya tafi da matarsa Sarah da 'yarsu Sophia mai shekara biyu, ya bar ɗansu Arthur wajen kakarsa saboda makaranta. Da ma'aikata bakwai, su goma ke nan.

Ranar 4 ga Disamba wani jirgi mai suna Dei Gratia, ƙarƙashin Kyaftin David Morehouse, ya hango shi tsakanin tsibiran Azores da gaɓar Fotugal yana tafiya kamar marar matuƙi. Mataimakin Morehouse, Oliver Deveau, ya hau ya duba. Babu kowa. Ƙaramin kwalekwalen ceto ba ya nan, takardun jirgi da kayan auna hanya na kyaftin ba sa nan. Abinci isasshe yana nan, kayan sawar mutane suna nan, lodin yana nan. Ruwa ya taru a cikin jirgin kamar ƙafa uku da rabi, wanda ga jirgi mai wannan girma ba abin gudu ba ne. Rubutu na ƙarshe a kundin tafiya na safiyar 25 ga Nuwamba ne, kusa da tsibirin Santa Maria, kusan mil 400 daga inda aka tsince shi. Ba a sake jin ɗuriyar ko mutum ɗaya daga cikin goman ba. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne wani abu ya firgita Briggs, ko dai awon ruwan ya ruɗe shi ya zaci nutsewa suke yi, ko tururin barasar ya sa ya ji tsoron fashewa (da aka sauke kayan a Genoa an tarar ganga tara babu komai a ciki), ya kwashe mutanensa suka shiga kwalekwale su ɗan ja baya, iska ta taso jirgin ya yi gaba ya bar su.

A cikin 'yan makonnin nan kuma jirgin ƙanensa Oliver, mai suna Julia A. Hallock, ya nutse a tekun Biscay, Oliver ya rasu. Uwa ɗaya ta rasa 'ya'ya biyu a hunturu ɗaya. Babu wanda ya rubuta littafi a kan la'anar wancan jirgin, domin shi ya nutse ne kamar yadda jirage suka saba nutsewa a lokacin.

Ga masu jari, asarar ta ainihi a kotu ta fara. Morehouse ya raba ma'aikatansa takwas gida biyu, ya ba Deveau mutum biyu suka tuƙa jirgin da aka tsinta zuwa Jibralta, aikin da ya sa rayukan duka ɓangarorin biyu cikin haɗari. Dokar teku ta ce wanda ya ceto jirgi yana da lada daga darajar jirgin da kayansa. Aka fara zama ranar 17 ga Disamba a gaban alƙali Sir James Cochrane. Babban lauyan gwamnatin Jibralta, Frederick Solly-Flood, tun kafin a gama jin shaidu ya riga ya yanke wa ransa cewa kisa aka yi. Ya sa aka bincika jirgin, aka ga wasu yanke-yanke a goshinsa, aka ga tabo a jikin takobin kyaftin, ya ce jini ne. Ya rubuta wa hukumomi a Landan cewa ma'aikata ne suka sha barasar suka bugu suka kashe Briggs da iyalinsa. Da aka gwada tabon aka ga ba jini ba ne. Amma jaridu sun riga sun ɗauka.

Winchester ya taso daga New York ya iso a watan Janairu don ya karɓi jirginsa ya kai wa masu kaya kayansu. Aka ce sai ya ajiye jinginar dala 15,000, kuɗin da ba shi da su, ya kuma fahimci shi kansa ana zarginsa. Ba a saki jirgin ba sai 25 ga Fabrairu, 1873. Su kuwa mutanen Dei Gratia, a watan Afrilu aka yanka musu fam 1,700, kamar kashi ɗaya cikin biyar na darajar jirgin da kayansa, ƙasa da abin da kowa ya zata, alƙali ya kuma bi su da faɗa. Ba a same su da laifin komai ba, amma zargin ya bi Morehouse har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya tsinci dukiyar wani a daji ya kawo ta gari, abin da ya samu ke nan.

Jirgin ya dawo New York a watan Satumba na 1873, kuma da za a zaɓi mummunan lokacin dawowa ba za a samu wanda ya fi wannan ba. Ranar 18 ga watan babban bankin Jay Cooke & Company ya durƙushe, kasuwar hannun jari ta New York ta rufe ƙofa har kwana goma, Amurka ta faɗa cikin karayar arziki da ta ɗauki shekaru. A gefe guda jiragen tururi suna ta ƙwace dakon kaya mai tsoka daga hannun jiragen iska, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869. Ko jirgi mai farin jini ne, a wannan kasuwa sai an yi da gaske. A watan Fabrairu na 1874 su Winchester suka sayar da shi a kan faɗuwa mai yawa.

Daga nan ne, a ganina, camfin ya fara yin aiki da gaske, kuma ba ta hanyar da masu camfin suke zato ba. Ɗan kasuwan da zai aika kaya, in ga jirgi biyu a tasha kuɗinsu ɗaya, ɗaya kuma shi ne wanda jaridu suka ce an yanka mutane a cikinsa, ba sai ya yarda da aljanu ba kafin ya zaɓi ɗayan. Matuƙin da ya iya aiki yana da zaɓi, zai nemi wani jirgin. Abin da ya rage wa mai jirgin shi ne ya rage farashi, ya ɗauki kayan da wasu suka ƙi, ya ɗauki ma'aikatan da wasu suka ƙi. Riba ta ragu, gyaran da ya kamata a yi bana a ɗaga shi zuwa baɗi, jirgi ya ƙara tsufa, wani abu ya lalace a hanya, mutane su ce ai mun faɗa. Sababbin masu shi sun yi ta aika shi Karibiyan da tekun Indiya, yana ta jawo musu asara. A Fabrairun 1879 ya ratse tsibirin St Helena, inda Turawan Ingila suka tsare Napoleon har ya mutu, don nema wa kyaftin ɗinsa Edgar Tuthill magani. Tuthill ya rasu a can. Aka ƙirga: kyaftin na uku ke nan. A zamanin da zazzaɓi ke kashe matuƙa a kowace tashar ƙasashe masu zafi, ba a tsaya tambayar jirage nawa ne suka binne kyaftin biyu ko uku ba.

Shekara guda bayan haka aka sake sayar da shi ga wasu 'yan Boston ƙarƙashin Wesley Gove. Sai kuma adabi ya zo ya ƙarasa abin da kotu ta fara. A Janairun 1884 mujallar Cornhill ta Landan ta buga wani ƙagaggen labari mai suna "J. Habakuk Jephson's Statement", ba tare da sunan marubuci ba. Wani matashin likita ne ɗan shekara 24 ya rubuta shi, Arthur Conan Doyle, wanda daga baya ya ƙirƙiro Sherlock Holmes. Ya ɗan sauya sunan jirgin zuwa Marie Celeste, ya sauya sunayen mutanen, ya shirya kisan gilla, kuma da yawa suka karanta shi a matsayin gaskiya. Masu zuwa daga baya suka yi ta ƙara gishiri, har da shayi mai zafi a kan tebur da abincin da ba a gama ci ba, abubuwan da babu su a shaidar Deveau. Duk wannan kuwa jirgin yana raye, yana da masu shi, suna neman wanda zai ba su lodi.

A watan Agusta na 1884 aka naɗa Gilman Parker kyaftin. Ba shi ne Parker na farkon labarin nan ba. Jirgin ya shekara ashirin da uku, kuma ya kai matsayin da takardar inshora ta fi abin da ke cikin ruwa daraja. Parker ya haɗa baki da wasu 'yan kasuwar Boston. Suka cika jirgin da tarkacen banza, suka rubuta a takarda cewa kaya ne masu tsada, suka yi musu inshorar dala 30,000. Ranar 16 ga Disamba ya tashi zuwa Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Tsakanin tsibirin Gonâve da kudancin ƙasar akwai wani tudun duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa mai suna Rochelois, babba ne, kuma yana cikin kowace taswirar matuƙa. Ranar 3 ga Janairu, 1885 Parker ya saita jirgin ya hau kansa da gangan. Cikin jirgin ya farke. Shi da mutanensa suka shiga kwalekwale suka fita gaɓa lafiya lau.

Kwaɗayin ɗan abin da ya rage ne ya tona shi. Ya sayar wa ƙaramin jakadan Amurka da ke wurin kayan da za a iya cetowa a kan dala 500. Jakadan ya buɗe ya ga an yi masa sakiyar da ba ruwa, ya kai rahoto, kamfanonin inshora suka shiga bincike. A watan Yuli aka gurfanar da Parker da abokan cinikinsa a Boston bisa haɗa baki don damfara. Shi Parker aka ƙara masa tuhumar halaka jirgi da gangan, laifin da a dokar Amurka ta lokacin hukuncinsa kisa ne. Wannan tsananin ne ya cece shi. Masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa haɗa baki ranar 15 ga Agusta, wasunsu ba sa son su ce an yi damfara, maganar tasu ta zama tsanin da za a hau a rataye mutum. Maimakon a sake shari'a mai cin kuɗi, alƙali ya sasanta: waɗanda ake tuhuma su janye neman diyyar, su mayar da abin da suka riga suka karɓa. Aka jingine tuhumar kisan, aka sallami Parker. Babu wanda ya sake ba shi jirgi, kuma bayan wata uku ya mutu cikin talauci. Ɗaya daga cikin abokan shari'arsa ya haukace, wani ya kashe kansa.

Gangar jirgin kuwa ba a taɓa ɗago ta ba. A 2001 marubuci Clive Cussler, wanda ya yi suna wajen farautar jiragen da suka nutse, ya ba da sanarwar cewa tawagarsa ta gano ragowarsa a Rochelois, murjani ya rufe shi, suka ciro 'yan guntayen katako da ƙarafa. Da masana suka ƙirga zoben shekarun da ke jikin katakon, sai suka ga itatuwan, waɗanda bisa ga alama daga jihar Georgia ta Amurka suka fito, suna tsaye a daji suna girma har 1894, kusan shekara goma bayan Parker ya farke cikin Mary Celeste. Na wani jirgin ne daban da shi ma ya ƙare a kan dutsen.